Yakuba Sawadogo, Manomin Da Ya Raya Fako

Sau da yawa in an ce wane ya yi wa ƙasarsa aiki, sai hankalinmu ya tafi ga masu rawani, ko alƙalai, ko ma'aikatan ofis masu karɓar albashi a ƙarshen wata. Da wuya ka ji an sa manomi cikin wannan lissafi. A ganin yawancinmu, aikin manomi bai wuce ya cika rumbunsa, ya biya haraji, ya zauna jiran wata damina ba. To, darasinmu na wannan fitowa labarin wani manomin ƙauye ne, wanda bai yi karatun boko ba, ba sarki ba ne, ba kuwa ma'aikacin Gwamnati ba, amma ya yi shekara wajen 40 yana yi wa jama'arsa hidima, har amfanin aikinsa ya ƙetare iyakar ƙasarsu ya iso ƙasar Hausa. Sunansa Yakuba Sawadogo. Ya kamata kowane ɗalibi da ke shirin fita ƙauye koyarwa ya san labarinsa, ya kuma san yadda a ke yin aikin da ya koyar, domin ciwon da ya yi wa magani muna da irinsa.

Ƙasar Yatenga

Yamma da ƙasar Nijar akwai ƙasar Burkina Faso, wadda Faransawa suka sa wa suna Haute-Volta, aka sake mata suna cikin 1984. Mafi yawan mutanenta Mosi ne, kuma kakanninmu fataken goro masu zuwa Gwanja sun san su, don ta ƙasarsu hanya ta bi. A arewacin ƙasar akwai wata tsohuwar masarautar Mosi da a ke kira Yatenga. Babban birninta Wahiguya, wajen kilomita 180 arewa maso yamma da Wagadugu. Kusa da Wahiguya akwai wani ƙauye, Gurga. Nan ne garin Yakuba, an kuwa haife shi wajen 1946.

Wanda ya san arewacin Sakkwato ko na Katsina, kusan ya san Yatenga. Damina gajeriya ce, ruwan shekara wajen milimita 600 ne, wata shekara ya fi, wata ya kasa. Gero da dawa su ne abinci. Ƙasar tana da tuddai na marmara, ga mutane da yawa, ga dabbobi. Da jama'a suka yi ta ƙaruwa, sai aka daina barin gona ta huta, aka sare itatuwa don girki da sabon sheme, ruwa da iska suka kwashe ƙasar bisa mai albarka, ya rage sai dandali mai tauri wanda ko ciyawa ba ta tsira a kai. Mosi suna ce da irin wannan wuri zipele, mu kuwa fako mu ke ce da shi. In an yi ruwa a kan fako, ba ya shiga ƙasa. Sai ya malale ya bi gangare, ya yanka kwazazzabai, ya je ya ɓata gonakin da ke ƙasa. Watau manomi yana kallo ruwan da ya yi wata 8 yana jira ya wuce ta gabansa.

Aikin da aka yi da katafila

Ba Yakuba ne ya fara ganin wannan ɓarna ba. Tsakanin 1962 da 1965 an yi wani babban aiki a Yatenga da kuɗin Turai, ana kiransa GERES. Aka kawo katafiloli da masana, aka yi ta jan kunyoyin ƙasa a gicciye bisa gangare don su tare ruwa, har aka rufe wajen hekta 120,000. Hekta guda kuwa eka 2 da rabi ce, sai ku lissafa ku ga girman aikin. Amma ba a yi shawara da masu gonakin ba. Ba a tambaye su inda hanyoyinsu suka bi ba, ba a koya musu gyaran kunyoyin ba, ba a ma bayyana musu dalilin aikin sosai ba. Saboda haka da katafila ta tafi, sai manoma suka ɗauka kayan Gwamnati ne, ba wanda ya kula. Ruwa ya fasa nan, dabbobi suka tattake can, waɗansu ma da gangan aka rushe su. Kafin 'yan shekaru aiki ya lalace, kuɗi suka tafi a banza.

Ku riƙe wannan a zuciya, gama za mu komo kansa.

Bayan wannan sai ga fari. Daga 1968 zuwa 1974 ruwa ya yi ta ƙaranci a dukan ƙasashen bakin Hamada, tun daga Senegal har Chadi, yunwar da dattawanmu ma ba su manta da ita ba. Ba a gama farfaɗowa ba, sai wani farin ya sake faɗowa daga 1982 zuwa 1984. Rijiyoyin Yatenga suka ƙafe, mata suna tafiya mai nisa neman ruwa. Magidanta suka bar iyali suka nufi Kwaddebuwa ƙodago a gonakin koko da kofi, waɗansu kuwa suka kwashe gaba ɗaya suka koma kudu. Tsakanin 1975 da 1985 akwai ƙauyukan da suka rasa mutum ɗaya cikin kowane huɗu.

Yakuba ya koma gona

Tun yana yaro aka kai Yakuba karatun allo ƙasar Mali. Da ya komo sai ya kama ciniki a kasuwar Wahiguya, yana samun abin rufin asiri. Wajen 1980, sa'ad da kowa ke neman hanyar gudu daga ƙauye, shi sai ya bar kasuwa ya koma Gurga, ya ɗauki diga, ya nufi fakon da ba mai so.

Abin da ya tafi yi can ba sabon abu ba ne ɗungum. Tun zamanin kakanni manoman Yatenga su kan haƙa 'yan ƙananan ramuka a wuri mai tauri su zuba iri, don ɗan ruwan da ya taru ya taimaki shuka. Suna kiran wannan zayi. Amma ramukan ƙanana ne ƙwarai, kuma a 'yan wurare kaɗan a ke yin su, har ma an fara mantawa da su. Da tsohuwar zuma a ke magani. Yakuba ya ɗauko wannan tsohuwar dabara ya yi mata gyara uku. Na ɗaya, ya ƙara wa ramin faɗi da zurfi. Na biyu, ya zuba taki a ciki. Na uku, ya haƙa tun da rani, watanni kafin ruwan fari, ba ya jira sai ƙasa ta jiƙa.

Mutane suka gan shi cikin zafin bazara yana saran marmara, suka ce Yakuba ya taɓu. Waɗansu dattawa kuma suka ce ya keta al'ada, don ba a taɓa ƙasa kafin lokacinta. Bai yi gardama da kowa ba, ya ci gaba da haƙa. Da kaka ta yi, sai ga dawa tsaye a wurin da shekara da shekaru ba a ga ko tsinke ba.

Yadda a ke haƙa zayi

Tun da ya ke wannan darasi ne, bari mu tsaya mu duba aikin filla-filla, yadda kowa zai iya gwada shi a gonar makaranta.

Faɗin rami santimita 20 zuwa 30 ne, watau kamar dani guda ko ɗan fiye. Zurfinsa santimita 10 zuwa 20. Tsakanin rami da rami a kan bar wajen santimita 80, kamar taku ɗaya mai kyau. Ba a jera ramukan sahu bayan sahu daidai da juna, sai a saɓa su, ramin sahu na biyu ya faɗa tsakanin biyu na sahun farko, don ruwan da ya kuɓuce wa na bisa ya faɗa cikin na ƙasa. Ƙasar da aka haƙo kuwa ba a watsar da ita. A kan tara ta a bakin ramin ta wajen gangare, a lanƙwasa ta kamar jinjirin wata, ta zama madatsa. Sa'an nan a zuba taki ko ruɓaɓɓen juji cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Kafin damina iska za ta ƙara zuba ganye da ƙura mai laushi a ciki. In ruwa ya sauka sosai, sai a shuka gero ko dawa a tsakiyar ramin.

Amfanin wannan iri uku ne. Da fari, ramin yana kama ruwan da ke gudu bisa fako, ya tara shi daidai gindin shuka. Taurin fakon nan da ya ke aibi, yanzu ya zama kamar rufin kwano mai zuba ruwa cikin randa. Saboda haka ko ruwa ya ɗauke kwana da kwanaki bayan shuka, danshin da ke cikin rami ya kan riƙe tsiro. Na biyu, talaka ba shi da takin da zai baza a gona duka, in ma ya baza ruwa zai kwashe. Amma ɗan abin da ya ke da shi in ya zuba a rami, ba ya zuwa ko'ina sai cikin saiwa. Na uku shi ne abin mamaki, watau gara. Mu dai mun san gara da ɓarna, ta ci dami, ta ci azara, ta ci littafi. A cikin zayi kuwa ita ce babbar ma'aikaciya. Takin da aka zuba tun da rani shi ke jawo ta, sai ta huda hanyoyinta ƙarƙashin ramin ta ko'ina, ta farfasa taurin ƙasa, ta narkar da takin. In ruwa ya zo sai ya bi waɗannan hanyoyi ya nutse can ƙasa. Dalilin haƙa da rani ke nan: a ba gara lokaci ta gama aikinta kafin damina.

Kada wani ya zaci aikin mai sauƙi ne. Hekta guda ta kan ci rami fiye da 10,000, kuma haƙa su ya kan ci awa 300 ko fiye, cikin rana mai zafi, a lokacin da abinci ya fara ƙaranci a gida. Amma ku dubi sakamako. Masu binciken da suka auna sun tarar fakon da ba ya ba da ko zangarniya ɗaya ya kan ba da kilo 300 zuwa 400 a hekta cikin shekarar ƙarancin ruwa, in kuwa damina ta yi kyau har ya kai kilo 1,500. Watau daga babu zuwa buhu 3 ko 4, wata shekara har 15.

Akwai wata dabara ta biyu da ke tafiya tare da zayi, ita ce jera duwatsu a gicciye bisa gangare. Layin dutse ba ya tsare ruwa ɗungum kamar kunyar ƙasa, balle ruwan ya taru ya fasa shi. Rage masa gudu ya ke yi, ya tace ƙasar da ya ɗauko, ya bar shi ya wuce a hankali. Wuyar abin ita ce a san inda layin zai bi ya zama ba gefen da ya fi wani tudu, gama gangaren Yatenga ido ba ya ganinsa sosai. Wani aikin ƙungiyar Oxfam da aka fara a 1979 ya koya wa manoma awo da siririn tiyo mai haske cike da ruwa, an ɗaura bakinsa biyu a jikin sanduna biyu masu zane. Inda ruwa ya tsaya daidai a sandunan nan biyu, to, wuraren biyu tsayinsu ɗaya. Manomin da bai san baƙi ba ya kan iya wannan awo cikin kwana ɗaya ko biyu. Wani ma'aikacin wannan aiki, Mathieu Ouedraogo, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen yaɗa shi, kuma sun yi aiki tare da Yakuba.

Daga gona zuwa kurmi

Cikin kashin dabbobin da a ke zubawa a rami akwai 'ya'yan itatuwan da suka ci a daji. Da suka sami danshi sai suka tsiro tare da dawa. Wani manomin da ya cire su wajen noma. Yakuba ya bar su, har ma ya shiga tara irin itatuwa daga wurare dabam-dabam yana shukawa a gefen ramuka da gangan. In an girbe dawa ya kan bar kara a tsaye ya kāre 'yan itatuwan daga iska da dabbobi. Ya rataya tukwanen ruwa don tsuntsaye su zo sha, su kuwa su kan zo da waɗansu irin a cikinsu. Ya ajiye amya ya sami zuma. Sannu ba ta hana zuwa. A hankali fakon Gurga ya zama kurmi, ana kiransa Bangar Raga da bakin Mosi. A 2018 an ƙiyasta girmansa kusan hekta 40, watau wajen eka 100, da itatuwa manya da ƙanana fiye da iri 60, har da kuka da waɗansu na magani da suka ɓace a sauran yankin.

Kasuwar zayi

In da labarin ya tsaya nan, da sai mu ce Yakuba gwanin noma ne, shi ke nan. Gwanayen noma kuwa suna da yawa, kuma galibi in mutum ya gano wani asiri ɓoye shi ya ke yi, kada maƙwabci ya kamo shi. Abin da ya sa muka ɗauko labarin Yakuba shi ne abin da ya yi da saninsa bayan ya same shi.

Daga 1984 ya fara kiran taro a Gurga sau biyu a shekara, a ke ce da shi kasuwar zayi. Taro na fari bayan girbi a ke yinsa. Kowane manomi ya kan zo da samfurin irin da ya shuka a ramukansa, gero ko dawa ko wake ko masara, ya faɗi yadda ya yi da shi, Yakuba ya karɓa ya adana a gidansa. Taro na biyu gab da damina a ke yi. A nan sai a fito da irin nan a raba, kowa ya zaɓi wanda ya dace da ƙasarsa, mai saurin nuna ko mai jimirin fari. A kan kawo kayan haƙa a gwada, a kan kuma ɗauki magana guda a tattauna a kowane taro, yau yadda a ke tsirar da itace a rami, gobe wani abu dabam. Ya kafa ƙungiya ta yaɗa zayi, kafin shekara ta 2000 manoma daga ƙauyuka fiye da 100 suna halartar kasuwar. Tsakanin taro da taro kuma ya kan hau babur ya bi ƙauyuka yana nuna wa mutane da hannunsa, baƙi kuma ba su yankewa a gonarsa.

Ku lura da hikimar da ke cikin wannan tsari. Manomin Yatenga ya saba da kasuwa, ya san ranarta, ba ya jin kunyar yin magana a cikinta kamar yadda zai ji a ɗakin taro gaban mai takarda. Kuma kowa da abin da ya kawo, saboda haka ba mai bayarwa kaɗai, ba mai karɓa kaɗai. Wanda ya zo koyo bana, shi ne zai koyar baɗi.

Haka kuwa aka yi. Wani manomi na ƙauyen Somyaga, Usaini Zorome, ya fara abin da ya kira makarantar zayi a 1992. Ya kan tara manoma su nemi fako guda su raya shi tare, kamar yadda mu ke gayya, suna aiki suna koyo. Makarantun nan suka yaɗu har suka wuce 20, da mutum wajen 1,000. Wani kuma a Gursi, Ali Wedraogo, ya ɗauki hanyar malami da almajiri, yana bin manoma ɗaya-ɗaya har gonakinsu. Masu bincike sun ƙiyasta a 2009 cewa ƙasar da aka raya da zayi da layin duwatsu a tsakiya da arewacin Burkina Faso ta kai hekta 200,000 zuwa 300,000, tana ba da ƙarin abinci wajen tan 80,000 kowace shekara. Ba Yakuba kaɗai ya yi wannan ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma yana cikin na gaba-gaba da suka ɗaga ta.

Labari ya kai ƙasar Adar

A 1989 wani aikin raya karkara ya ɗauki manoma 13 daga Illela ta jihar Tawa a ƙasar Nijar, ba Illelar Sakkwato ba, ya kai su Yatenga su ga abin da a ke yi. Ƙasar Adar ma tudun marmara ce mai fama da fako, kuma Hausawan can suna da nasu 'yan ramuka na gargajiya da su ke kira tassa. Gani ya kori ji. Da suka komo sai waɗansunsu suka faɗaɗa tassarsu suka zuba taki yadda suka gani. Shekara ta 1990 ruwa ya yi ƙaranci, gonaki da yawa suka ƙone, amma masu tassa suka sami abin girbi. Daga nan ba a bukaci mai wa'azi ba. Cikin 'yan shekaru aka raya dubban hekta, har fakon da a dā ko kyauta ba mai karɓa ya zama abin saye da sayarwa, kuɗinsa yana hawa, samari kuma suka sami sana'ar haƙa tassa a biya su lada.

Abin da ya sha

Kada ku zaci wanda ya yi wa jama'a aiki kullum godiya ya ke samu. Bayan dariyar da aka yi masa da fari, da kurmin ya fara tasowa sai masu hassada suka sa masa wuta, ya ƙone da yawa. Ya sake shukawa. Sa'an nan wata wahala ta zo daga inda bai zata ba. Ƙasar da ya raya bisa al'ada ya ke riƙe da ita, ba shi da takardar mallaka ta Gwamnati. Sa'ad da ta ke fako ba wanda ya dube ta. Da birnin Wahiguya ya yi ta faɗaɗa har ya iso Gurga, sai aka shiga yanka filaye, mutane suka fara gina gidaje a gefen kurmin suna sare itatuwa. Ya yi shekaru yana kai kuka.

A waje kuwa sunansa sai ƙara tafiya ya ke yi. A 2010 wani Bature, Mark Dodd, ya yi fim a kan rayuwarsa. A 2018 aka ba shi lambar girma ta Right Livelihood a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin. A 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin zakarun kiyaye ƙasa na wannan shekara. Sai a 2021 hukuma ta kewaye kurmin don a tsare abin da ya rage. Yakuba ya rasu a Wahiguya ran 3 ga Disamba, 2023, yana da shekara wajen 77. Allah ya jiƙansa.

Abin da za mu ɗauka

Yanzu mu komo kan katafila. Aikin 1962 yana da kuɗi, da injuna, da masana, ya rufe hekta 120,000 cikin shekara 3, ya mutu. Aikin Yakuba da 'yan'uwansa da diga da kwandon taki aka yi shi, ya ɗauki shekaru masu yawa, amma ya zauna, har ya haifi 'ya'ya a wata ƙasa. Mene ne bambancin? Na farko an yi wa mutane ne, su suna tsaye suna kallo. Na biyu kuwa mutane ne suka yi abinsu, da kayan da ke hannunsu, bisa dabarar da suka gāda, bayan sun ga amfaninta da idonsu a gonar wani talaka ɗan'uwansu. Abin da mutum ya haƙa da guminsa ba ya bari ya lalace.

Ba muna cewa ilmin makaranta ba shi da amfani ba ne. Tiyon awo daga masu ilmi ya fito, kuma masu ilmi ne suka auna amfanin zayi, suka rubuta, suka ɗauki mutanen Illela suka kai su Yatenga. Amma sun yi nasara ne sa'ad da suka tsaya suka saurari manomi, suka ɗora nasu a kan nasa. Zayi ma ba maganin kowace gona ba ne. A jigawa mai rairayi ramin cikewa ya ke yi, a fadama kuwa ruwa ya kan kwanta ya kashe shuka, wanda ba shi da dabbobi kuma samun taki ya kan yi masa wuya. Sanin inda dabara ta dace da inda ba ta dace ba, wannan aikin mai ilmi ne.

Mafi yawanmu in mun fita daga nan ƙauye za a kai mu. Za mu tarar da dattawa waɗanda ba su iya rubuta sunansu ba, amma sun san kowace ƙasa da abin da ta ke so, sun san irin da ke jimre fari. Malamin da ya shiga gari yana ganin shi kaɗai ya san wani abu, zai fita bai koyar ba, bai kuwa koya ba. Wanda ya nemi irin su Yakuba na garin, gama da wuya a rasa, ya zauna da su, ya kai yara gonarsu su gani, ya buɗe musu gonar makaranta su gwada abin da su ke tunani, shi ne zai bar abin da za a tuna da shi. Kuma duk wanda Allah ya ba wani sani cikinmu, ya tuna da mutumin Gurga: da ya ɓoye abin da ya gano, da rumbu ɗaya kaɗai zai cika.

Tambayoyi

1. Mene ne fako, kuma me ke kawo shi? Ku ambaci wani wuri a ƙasarku inda kuka gan shi.

2. Waɗanne gyare-gyare uku Yakuba ya yi wa zayi na gargajiya? Don me a ke haƙa ramin tun da rani?

3. In hekta guda tsawonta mita 100 ne, faɗinta mita 100, aka haƙa rami a kowane santimita 80 ta tsawo da ta faɗi, rami nawa za a samu? In aikin ya ci awa 300, mutum kuwa yana yin awa 5 a yini, kwana nawa zai yi?

4. Don me layin dutse ya fi kunyar ƙasa daɗewa a kan gangare?

5. Ku gwada aikin katafila na 1962 da kasuwar zayi ta 1984, ku faɗi dalilin da ya sa ɗaya ya mutu ɗaya ya rayu.

6. In kun je hutu, ku tambayi wani tsohon manomi wata dabarar noma da a ke yi dā aka bari, ku rubuto yadda a ke yinta da dalilin barinta, a karanta a aji.